Yadda Na Ɓoye Sabulun Fuska Cikin Rubutun Baba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa zan so in manta, da ranar Talatar da na yi birgima a ƙasa a gaban mutanen ruga guda. Yau sati uku ke nan, amma har yanzu in na ga robar ruwa da baƙin abu a ciki sai gabana ya faɗi. In kun ga ina kwana-kwana ku yi mini uzuri. Dariya kuwa ku yi abinku, ba komai, an riga ku.

Bari in faro daga fuska, tunda ita ta ja mini. Tun ina aji biyar a sakandare ƙuraje suka kafa sansani a goshina da haɓata. Ba irin ƙurjin nan da kan leƙo ya wuce ba, nawa masu zaman dirshan ne, in wannan zai tafi sai ya bar wa ƙanensa wasiyya. Ba abin da ban shafa ba. Na shafa lemun tsami, na shafa man goge baki, na yi sabulun salo har fuskata ta koma kamar bayan tukunya. Da na gama makaranta sai Baba ya sa ni taimaka masa a Islamiyyarmu ta nan Kusada, ya ba ni ajin matan aure na safe. To kun san matan aure da baki. Ina tsaye ina biya musu karatu, sai wata ta ce, “Malama, waɗannan ƙurajen fa na neman miji ne, a hwaɗa wa Malam ya yi wani abu.” Aji ya kwashe da dariya, ni ma in yi yaƙe, in dawo gida in tsaya gaban madubi kamar wadda aka aiko wa da sammaci.

Ana nan sai na fara ganin wani sabulun ruwa na wanke fuska a waya. Baƙi ƙirin ne, wai da gawayi aka haɗa shi. Za ka ga yarinya ta shafa, ta yi kumfa, ta watsa ruwa, ta ɗago fuska sumul kamar ƙwai. Na kalli bidiyon nan ya fi sau talatin. (Ban taɓa tambayar kaina ko yarinyar ta taɓa yin ƙurji a rayuwarta ba.) Ranar da Inna ta aike ni Kankiya gidan ƙanwarta, sai na ce yau ce ranata.

Na shiga wani kemis da wata mata ke tsaro, mai ɗan jiki, da tabarau a kan hanci. Kowa Anti yake ce mata, ni ma na ce Anti. Na hango baƙar kwalbar a sama, na nuna ta da yatsa. Maimakon ta miƙo mini, sai ta ce in matso kusa da haske, in ɗan ja hijabina baya.

“In kin wanke fuska da sahe, zuwa azahar ya take yi? Ƙyalli take da maiƙo, ko ɗaurewa take?”

Na ce goshi da hanci maiƙo, kumatu kuma bushewa har da ɓawo.

“Tana miki zafi in kin sa sabulu?”

Na ce wani lokaci.

“To ƙanwata, fatar nan taki ta sha wuya, lallashi take so ba faɗa ba. Wancan baƙin na masu maiƙo ne sosai, yana da ƙarfi, zai busar da ke kamar kilishi. Ga naki nan.” Ta ɗauko wata farar kwalba, ba hoto, ba ƙamshi, kamar ta maganin tari. Ta ce sau biyu a rana, da ruwa mai ɗan ɗumi, da tafin hannu ba da soso ba, kuma in daina matsa ƙurajen.

Na dubi kwalbar nan, ko kwarjini ba ta da shi. Na ce, “Anti, ni dai wancan nake so, na gan shi a waya.”

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, “Wayar ta taɓa ganin fuskarki?”

Da ina da rabon hankali da nan na tsaya. Amma kunne ya riga ya toshe. Ta girgiza kai, ta sauko mini da baƙin, ta ce in ya yi mini zafi in daina. Na fito ina jin kamar na sayo sabuwar fuska a leda.

Sai a hanya wata matsalar ta faɗo mini. A jikin kwalbar akwai hoton wata farar mace, rabin fuskarta baƙi rabi fari tas. Baba kuwa ba abin da ya tsana irin man bilicin, ba sati biyu da za su wuce bai yi wa matan Islamiyya wa'azi a kai ba. Inna ma na taɓa ganinta da idona ta tattara mayukan wata 'yar ƙaninta da ta zo mana hutu, ta zuba su a masai, ba ta ko tsaya jin bayani ba. Wa zai tsaya ya saurare ni in ce wannan na wankewa ne ba na sauya launi ba? (Amsar ita ce Baba zai tsaya. Amma a lokacin tsoro ya riga ya yanke mini hukunci.) Don haka tun a gidan ƙanwar Inna na sami robar ruwa wadda ba kowa a ciki, na ɓare takardar jikinta, na juye sabulun, na jefar da kwalbar a bola.

Kwana uku da fara amfani da shi, maganar Anti ta tabbata. Kumatuna suka ɗaure, in na yi dariya sai in ji kamar za su tsage. Mai hankali zai daina. Ni sai na ce ƙarfi ne ya yi masa yawa, na cika robar da ruwa na girgiza. Ya tsinke, ya zama wani ruwa baƙi-baƙi mai duhun toka. Ina ɗaga shi a rana sai na yi murmushi, don na gane abin da ya yi kama da shi, na kuma gane inda zan ɓoye shi.

A gidanmu Baba yana yi wa mutane rubutun sha. Shi zai rubuta a allo da tawada, ni ce mai wankewa a ƙwarya, in tace, in ɗura a robobin ruwa, in jera su a alkukin ɗakin littattafansa. Ba ma rubuta suna a jiki, don yawancin masu karɓa ba karatu suke ba. Zare muke ɗaurawa a wuyan roba: wannan fari na mai ciwon kai, wancan shuɗi na matar wane. In mace ce ta zo karɓa, Inna ke miƙa mata. Kuma a duk faɗin gidan nan, alkukin nan ne kawai wurin da ba mai taɓawa. Inna na iya birkice akwatina, ta ɗaga katifata, amma ba za ta taɓa buɗe robar rubutun wani ta sunsuna ba. Sai na sami jan zare, wanda na san ba mu cika amfani da shi ba, na ɗaura wa robata, na tura ta can baya cikin 'yan uwanta. Wallahi ko ni da na haɗa ta, sai na duba zaren nake gane ta. Har yaba wa kaina na yi. Na ce kai, boko dai ya yi rana.

Sati biyu ina wannan sata. In Baba ya fita masallaci in lallaɓa in ɗauko, in zagaya bayan madafa in wanke fuska, in maido.

Ranar Talatar da nake ba ku labari, na taso daga Islamiyya wajen sha ɗaya da rabi, gumi ya jiƙa ni sharkaf, ga damina, ga zafin da ke zuwa kafin hadari. Na tarar Baba ba ya nan, Inna na tsakar gida tana tsince shinkafa. Na shige ɗakin littattafai, na zura hannu, na ɗauko mai jan zare, na ɓoye a hijabi, sai bayan madafa. Na tsiyaya a tafin hannu, na murza. Shiru. Na ƙara murzawa. Ba kumfa, ba santsi. Na kai hanci. Ba ƙamshin nan na turare, sai warin da na sani tun ina rarrafe, warin ƙaro da tawada. Na ɗan lasa.

Rubutu ne.

Na lashe tafin hannuna tas don kada ya ɗiga a ƙasa, na koma ɗakin da gudu na zazzage alkukin. Fari, fari, shuɗi, baƙi. Ba wata mai jan zare sai ta hannuna.

Na fito ina ƙoƙarin daidaita murya. Na ce, “Inna, wani ya zo karɓar rubutu ne?”

Ba ta ko ɗago ba. (Ni ce 'yar fari, Inna ba ta kiran sunana, “ke” ce kawai.) Ta ce, “Goggo Hajjo ce, mai kawo mana nono. Matar ɗanta ke naƙuda tun asuba, abin ya ƙi gaba. Ke kina makaranta, shi ya sa Malam ya rubuta ya wanke da kanshi kafin ya wuce ta'aziyya Bauranya. Ya ce in ta dawo daga kai nono in ba ta mai jan zare. Ke kuma da sakaci, kin bar wata tsohuwa mai jan zaren a can baya, sai da na tsaya dubawa. Na ba ta wadda ta fi baƙi, na san ita ce sabuwa.”

Wadda ta fi baƙi.

Na ce, “Tun yaushe?”

“An fi awa guda. Mi ya faru kike zare ido haka?”

Ku yi mini afuwa, nan ma ban faɗi gaskiya ba. Abin da kawai ke yawo a kaina shi ne ɗan rubutun Turancin da na karanta a bayan kwalbar kafin in jefar: a jiki kawai ake sa shi, kada ya shiga ido, kada a haɗiye. Ga mace mai naƙuda, ta galabaita, an ɗago kanta, an ce yi bisimilla ki shanye, daga wajen Malam ne. Kuma za ta shanye, don abin da ya fito daga ɗakin Baba ba a tambayarsa. Goggo ba ta riƙe waya, ɗanta mai wayar ban da lambarsa. Na ce wa Inna, “Ina zuwa,” na fita da gudu da robar a hannu, tana kirana ban waiwaya ba. Sai a bakin titi na lura silifa ɗaya nawa ne, ɗaya na alwalar Baba.

A bakin tasha babur ɗaya na samu, kuma don Allah Ya nuna mini iyakata, na Kawu Idi ne. Duk Kusada an san Kawu Idi, dattijon ɗan acaɓan da matan aure ke so saboda ba ya gudu. Ni ma da ina yabonsa.

“Kawu, rugar su Goggo Hajjo, gaba da Mawashi. Don Allah ka yi sauri, rai ne!”

“Ɗiyar Malam, sauri ya haifi nawa. Hau da bisimilla.”

Muka kama hanya. Gero ya yi tsawo dama da hagu, hanya duk tabkuna, Kawu Idi na zagaye kowane ɗaya kamar mai tsoron ya tashe shi daga barci. Duk wanda muka wuce a gona sai ya rage wuta ya ɗaga hannu: “Barka da aiki! Ya ruwa? Ya iyali?” Ni kuwa ina baya ina karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Ina lissafi a raina: daga gari zuwa rugar tafiyar awa ce a ƙafa, Goggo kuwa Bafillata ce, ƙafarta ta fi wannan babur. Ta isa. Ta buɗe. An sha. A raina na ga mai naƙudar tana amai, na ga kumfa na fita ta hancinta, na ga 'yan sanda a ƙofar gidanmu, na ga an fito da Baba da rawaninsa ana cewa malamin da ya ba mai ciki guba. Wannan na ƙarshen shi ya fi kashe ni. Shekara talatin mutane na shan rubutunsa, ni na zo na rushe a kan ƙurji.

“Kawu, don girman Allah ka taka!”

“Ina takawa, ɗiyata. Wai mi ne ne a robar nan kike rungume da ita kamar jinjiri?”

Na ƙara ƙanƙame ta a ƙirji.

Muna shan kwanar ƙarshe na hango bukkokin. Ban jira ya tsaya ba na diro. Abin da na gani shi ya ƙarasa ni. Mata sun taru a ƙofar wata bukka, sun yi jugum, ba mai magana. Wata na wanke zane a gefe. Can bayan bukkar kuma wata tsohuwa ta duƙa da fartanya tana haƙa rami. Ƙaramin rami.

Na ce shi ke nan, jaririn ne.

Ban san lokacin da na zube a tsakiyar fili ba. Na ɗora hannu a ka na kurma ihu, irin ihun da ban san ina da shi ba, har kaji suka watse.

“Ni ce! Wallahi ni ce na kashe shi! Ba rubutu ba ne, sabulu ne! Sabulun fuskata ne na gawayi, a Kankiya na sayo, Anti ta ce kada in saya na ƙi ji! Ƙuraje ne suka dame ni! Baba bai sani ba, Inna ba ta sani ba, kada ku kama Baba, ni za ku kai wa 'yan sanda!”

Ina faɗa ina birgima, hijabina ya naɗe ni, silifan Baba ya yi nasa wuri. Ban bar komai ba. Har zancen matan ajinmu da ke cewa miji nake nema sai da na tona, ban san me ya kawo shi ba. Matan nan suka zagaye ni suna kallo. Maza biyu suka taso daga gindin wata bishiya da sandunansu. Kawu Idi ya kashe babur don ya ji da kyau.

Da numfashina ya ƙare na yi shiru, sai na ji wani ɗan sauti daga cikin bukkar. Siriri, mai kaifi, mai cike da fushi. Kukan jariri.

Aka ɗaga asabarin ƙofa, Goggo Hajjo ta sunkuyo ta fito, doguwa, siririya, hannayenta a jiƙe. Ta tsaya a kaina ta dube ni daga sama har ƙasa.

“Ɗiyar Malam, ke ce da wannan aiki? Wadda ta haihu tun asuba take fama, ko tarinta maƙwabta ba su ji ba. Ke da ba ki haifi kowa ba kin tara mana jama'a.”

Na ce cikin shessheƙa, “Ramin fa, Goggo? Ramin da ake haƙawa?”

“Na mabiyiya ne. Ku a birni ajiye ta kuke a kwaba?”

Wata daga cikin matan ta fara ƙyalƙyalewa, ta toshe baki da gefen zane. Goggo ta koma ciki ta fito da robata. Ga jan zarena a wuya. Rabin robar ruwa ne, rabin sama kuwa kumfa ce fal har murfi, kamar an kaɗa kindirmo.

“A ƙwarya na sa ta, na ɗora a kai, na yi ta sauri. Ina saukewa na ga haka. Shekara goma sha ina karɓar rubutu a gidanku, ban taɓa ganin wanda ya yi kumfa ba. Na buɗe na sunsuna, na ji ƙamshi kamar ɗakin amarya. Na ce a'a, wannan ba hannun Malam ba ne, matar Malam ta yi kuskuren roba. Na tura ta ƙarƙashin gado, muka ci gaba da salati, Allah Ya sauke ta lafiya. Mace aka samu.”

Na ce, “Ba ta sha ba? Ko kurɓi ɗaya?”

“Ni mahaukaciya ce? Nonon da zan sayar wa mutane ma sai na sunsuna, balle abin da zan ba mai ciki.” Sai ta rage murya, amma ba yadda sauran ba za su ji ba. “Da niyyata gobe in na kawo nono in miƙa wa innarki a ɓoye, daga ni sai ita, ba wanda zai ji. Ga shi kin zo kin yi shela da kanki.”

Nan fa aka saki dariya gaba ɗaya. Matan na tafawa, suna maimaita maganata da Fillanci ga waɗanda ba su ji Hausar da kyau ba, ina jin “gawayi” da “Kankiya” na fitowa a tsakiya. Mazan suka juya baya kafaɗunsu na rawa. Na so ramin mabiyiyar nan ya ɗan ƙara faɗi in shige. Amma ku ji wani abu: ina jin kunyar da ban taɓa ji ba, kuma a lokaci guda ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba. Jaririyar na ciki tana ta tsala kuka, ni kuwa kowane kuka kamar ana sauke mini dutse daga ƙirji.

Goggo ta ɗaga ni, ta kakkaɓe mini hijabi, ta karɓi rubutun gaskiyar ta kai wa mai jego, ta ce ai bai ɓaci ba. Ta zaunar da ni a tabarma ta sa aka dama mini fura. Sai ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske, daidai yadda Anti ta yi.

“Wannan shi kike shafawa? Ɗiyata, fuska ba ƙwarya ba ce da za a yi ta kankara. Ƙwaryar ma in kin matsa mata tsagewa take. Ki bar ta ta huta.”

A hanyar dawowa lokaci-lokaci sai in ji bayan Kawu Idi na girgiza da dariya. Na roƙe shi ya rufa mini asiri. Ya ce, “Haba ɗiyar Malam, ni da bakina?” Kafin la'asar har mai shayin tasha ya sani.

Na tarar Baba ya dawo, yana zaune a ɗakin littattafai, Inna na tsaye a bakin ƙofa da robobin da na watsar. Na durƙusa na faɗi komai, wannan karon a hankali, ba birgima. Na ajiye robar kumfar a gabansa. Ya dube ta, ya ɗago ya dube ni.

“Wani ya sha?”

“A'a, Baba.”

“Uwa da ɗiya lafiya?”

“Lafiya lau.”

Ya ce alhamdu lillahi sau uku, a hankali, ya shafa fuska. Inna ta fara, “Ke yanzu saboda Allah…” ya ɗaga mata hannu.

“Mi ya sa kika ɓoye?”

“Na ji tsoron ka ce bilicin ne.”

“Na hana sauya halitta, ban hana wanke ta ba. Da kin kawo mini kwalbar, da ke zan sa ki karanta mini, tunda ke kika yi boko.” Ya nuna alkukin. “Ba sabulun ne ya dame ni ba. Mutanen nan abin da ya fito daga nan rufe ido suke su sha. Kin rasa inda za ki ɓoye ƙaryarki sai cikin amanarsu?”

Da ya zage ni, ko ya ɗauko bulala, da ya fi mini sauƙi. Maganar nan har yau in na tuna sai na ji ta a ciki. Ya ce daga ranar, duk robar da za ta hau alkukin sai an manna mata takarda da sunan mai ita da ajami, ko mai karɓa na karatu ko ba ya yi, kuma sai shi ya sunsuna da kansa kafin ta fita. Wankin allo kuma ya karɓe daga hannuna sai yadda ya gani. Ban yi gardama ba. Ni ma da ni ce shi, ba zan ba ni ba.

Inna kwana biyu ba ta yi mini magana ba. A na uku ta ce in shirya, ta raka ni Kankiya da ƙafarta, ta tsaya a kaina na sayi farar kwalbar nan marar kwarjini. Tana nan yanzu a kan tagar ɗakina, a fili, da takardarta da komai. Ƙurajen ba su tafi duka ba, kada in yi muku ƙarya, amma kumatuna sun daina ɗaurewa, ina iya dariya ba tare da fargaba ba.

Ranar suna Goggo ta aiko lallai sai na je. Na so in ƙi, Baba ya ce wanda ya iya zuwa da ihu ya iya zuwa da barka. Ina isa matan suka hau tafi, “Ga Mai Sabulu! Ga Mai Sabulu ta iso!” (Sunan ya bi ni har Islamiyya, matan ajinmu sun daina zancen miji, sun sami sabo.) Mai jegon, wadda ashe ba ta fi sa'ata ba, ta yi murmushi ta miƙo mini jaririyar. Na karɓe ta. Ɗumi gare ta, ga nauyi kaɗan kamar na 'yar tattabara, tana barci tana motsa baki. Na ƙura mata ido ina tunanin abin da ya raba ta da sharrina: hancin wata tsohuwa da ba ta taɓa shiga aji ba. Hawaye suka zubo mini, ɗaya ya ɗiga a goshinta. Goggo ta ce, “To, a karɓe ta, kafin ta wanke mata fuska.”

Abin da na koya, in ma na koyi wani abu, ba shi da yawa. In za ki zaɓi abin wanke fuska, ki saurari wanda ya dubi fuskarki da idonsa. In kuma kika ga abu sai kin sauya masa roba kafin ki shigo da shi gida, to ba fuskarki ce ke bukatar wanki ba tukuna. Sannan in kin isa wuri kin ga ana haƙa rami, don Allah ki yi sallama ki tambaya kafin ki fara birgima.